Goma Sha Ɗaya Masu Suna Ɗaya

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shekara uku da ɗoriya rabona da gida. Na rubuta ne don in gani da idona, tunda a ofis ba mai ƙirgawa sai ni.

Yaya ta kira da safe ina tsaye ina jiran bas. Idon Baba na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuma likita ya ce 'yan watanni ne, shi ba ya alkawari. Ta ce sai da suka bar asibiti suka shiga mota Baba ya ce, "Ki gaya wa wancan, in yana da niyyar a gan shi to ya yi sauri." Wancan. Ni ke nan.

Ko jaka ban ajiye ba na shiga wurin Oga Gobe. Ni na raɗa masa sunan, a cikina, don sau biyu yana ba ni hutu yana janyewa, kullum "gobe za mu duba". Yau cewa ya yi, "Ka rufe mini maganar ɗakunan sanyi, wata guda naka ne." Na ce a rubuce? Ya yi dariya, wai ban yarda da shi ba ne? Na fito.

Maganar ɗakunan sanyi: na'urarmu ce, ba ta fi bulo girma ba, ita ke lura da sanyin ɗakunan da wani kamfani ke ajiye kifi da nama. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta suma na ɗan lokaci, ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikata su taso a guje, kafin su iso ta farfaɗo kamar ba ita ba. Kamfanin ya ce a gyara ko mu zo mu kwashe tarkacenmu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dogo, abokin aikina, ya miƙo mini aikin kamar mai miƙa tsumman da yaro ya ɓata. Sati uku yana kansa. Teburinsa kusa da nawa, kofunan shayi huɗu, ɗaya har ya fara gashi.

A cikin kanel, ƙwayar manhajar da ke juya na'urar, akwai dubban ƙananan 'yan aike, kowa da sunansa. A kira shi, ya yi abin da aka sa shi, ya koma. In kana zargin ɗaya sai ka ba manhajar bin sawu sunansa, ta ɗana masa tarko, ta riƙa gaya maka yaushe aka kira shi, ya daɗe ko bai daɗe ba. Dogo ya ɗana wa wanda ake kira "duba zafi". Sati uku tarko na cewa yaron kirki ne, ba ya ɓata lokaci a hanya. Na'ura kuwa sai suma take yi abinta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na buɗe rajistar sunayen kanel don kawai in ce na buɗe. "Duba zafi" goma sha ɗaya ne.

Goma sha ɗaya! Duk wanda aka ba shi rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, na sabon ma'auni, na fanka ne, na ƙofa ne, na injin ne, sai ya kwafi na wanda ya riga shi, ya canja hanji ya bar suna. Lalaci tsagwaronsa, shekara da shekaru. Shi kanel bai damu ba, da lambar wurin zama ya san kowa. Manhajar bin sawu ce ke tambaya da suna, kuma wanda ta fara cin karo da shi a rajista shi take kamawa, ba ta ko ce maka akwai wasu.

A gidanmu jikoki huɗu ne ke da sunan Baba. Ka tsaya a tsakar gida ka ƙwala kira, wanda ya fi kusa da ƙofa ne zai amsa, wanda ya fasa tulun yana bayan ɗaki yana dariya.

Na nuna wa Dogo. Wanda yake gadi na fankar baya ne, wadda ko a rabin na'urorin ba a sa ta ba. Ya daɗe yana kallon allo. Ya ce, "Wato mutumina, sati uku ina gadin gidan maƙwabci?" Na ce gidan ma kango ne. Bai yi dariya ba.

Gaskiya ba laifinsa ba ne. Ni ma da haka zan yi. Ba zan gaya masa ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Da lambar wurin zama ba zai yiwu ba, tana canjawa duk aka kunna na'ura, kuma mutanen ɗakunan sanyi ne za su riƙe mana tarkon, ba mu ba. Sai dai a ba kowane mai takwara suna na biyu: sunansa, haɗe da adireshin fayil ɗin da aka haife shi da lambar layi. Wane na ɗakin wance. Na fara rubuta facin, wato gyaran da za a liƙa wa kanel.

Oga Gobe ya leƙo, ya ce in na gama in tura wa masu kula da kanel na duniya su karɓa, tunda kanel ɗin na kowa ne, ba mu muka ƙera shi ba. "Ba zan riƙa goya facinka kowace shekara ba." Aiki ɗaya ya haihu biyu. Ya fita ya bar mini warin turarensa, irin mai kama maƙogwaro.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na tura, layi wajen ɗari bakwai. Amsa ta zo daga mutumin da ke tsaron wannan ɓangare na kanel. Ban taɓa ganinsa ba, ban san ƙasarsa ba, an ce tsoho ne kuma ba biyansa ake yi ba. Maigadi nake ce masa.

Ba sallama, ba sannu da aiki. Ya bi facin layi layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sunayen sun yi tsawo, za su fi ƙarfin ma'ajinsu. Rajista ta kumbura. Haɗa kanel ya ƙara jinkiri. A wani wurin kalma ɗaya kawai ya rubuta: "Me ya sa?" Mutum yana zaune a gidansa, wataƙila jikokinsa na hawa masa kafaɗa, yana tambayata me ya sa.

Na duba maganar tsawon suna. Da gaskiyarsa. Allah ya isa duk da haka.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Wani ya dumama kifi a injin ɗumama abinci na ofis. Har cikin rigata.

Talata, 18 ga Fabrairu

Zubi na biyu na facin ya tafi wurin Maigadi, ya dawo. Yanzu abu ɗaya ya riƙe. Wai adireshin da nake liƙa wa sunayen tun daga ƙofar kwamfutata yake farawa, ya ratsa foldodina, kafin ya iso kanel. In yanke shi daga inda kanel ya fara. In ba haka ba mutum biyu za su haɗa kanel ɗaya su samu sunaye daban. Ya rufe da cewa, "Ba ruwan duniya da inda kake ajiye takalmanka."

Tsoho ya rasa abin kamawa ya kama takalmi. Tarko yana aiki, kowane "duba zafi" yanzu yana amsa nasa kiran shi kaɗai, abin da nake buƙata ke nan. Gyaran adireshi sai zubi na uku, in na dawo daga gida, in Allah ya kai mu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wanki. Maƙwabcina na ɗakin ƙarshe ya sake barin tukunyarsa a wurin wanke-wanke, ruwan ya yi fata. Na ɗauke ta da yatsa biyu na ajiye masa a ƙofa.

Da la'asar Yaya ta kira da hoto, ta riƙe wa Baba wayar. Ya kawo ta daf da fuska har hancinsa kawai nake gani. Ya ce, "Kai ne wannan duhun?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Ka yi ƙiba ko wayar ce?" Yaya tana dariya a baya, irin dariyar da ake yi don kar a yi ɗayar. Ya ce in zan zo in sa farar riga, fari ne bai gama guje wa idonsa ba.

Bayan sun kashe na zauna a bakin gado ban san iya lokacin ba. Wankin ya kwana a bokiti.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na haɗa kanel na gwaji da facina a ciki, na tura wa injiniyar kamfanin sanyi. Madam Sanyi, in ji Dogo, don ko a waya muryarta ba ta hawa ba ta sauka. Ma'aikatanta za su bi ɗakuna goma sha huɗu su sa shi da hannu, don na'urorin ba sa karɓar sabon kanel daga nesa. Tarko goma sha ɗaya, kowa a kan nasa.

Yanzu sai jira. Na iya wannan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na'urar ba ta suma ba. Ranar da kake so ta suma.

Litinin, 3 ga Maris

An kama shi! Na tara ne, na ma'aunin ƙofa. In aka buɗe ƙofar ɗaki daidai lokacin da yake karatu, sai ya tsaya jiran ta rufu, kuma mabuɗin da sauran ke buƙata yana hannunsa, kowa ya yi cirko-cirko a bayansa. In masu sauke kaya suka tokare ƙofar da kwali, shi ke nan, suma.

Madam Sanyi ce ta kira. Ta ce, "Tarkonka ya yi kamu." Sai ta ƙara da cewa, "Sunayenku dai akwai tsawo." Na ce ai fasaha ce, Madam. Ta ce za ta turo rahoto da hoton allo gobe.

Dogo ya sayo mini lemo. Na duba kuɗin jirgi. Na gaya wa Yaya ta fara share ɗakina.

Talata, 4 ga Maris

Innalillahi.

Rahoton ya zo wa kowa. Ni, Dogo, Oga, Darakta, da mutum biyar na can kamfanin. Hoton allo a tsakiya, babban allo ne nata, ba ya yanke komai. Layi bayan layi, daga sama har ƙasa, sunan na tara da cikakken adireshinsa. Kuma adireshin, kamar yadda Maigadi ya faɗa, daga ƙofar kwamfutata ya fara.

Babbar foldar da nake aiki a ciki sunanta "aikin banza". Ta cikinta kuma "Oga Gobe maƙaryaci".

Bara na sa mata, ranar da ya janye hutuna na biyu. Tun daga nan kullum a cikinta nake, har na daina ganin sunan, kamar yadda mutum ba ya jin warin ɗakinsa. Tagar da nake duba sawu a nan kuma ƙarama ce, wutsiyar suna kawai take nunawa. Yanzu yana cikin kanel na na'ura goma sha huɗu, manne da duk mai takwara, dubbai, yana tsaron kifin mutane.

Dogo ya karanta, ya ɗora kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago ido duk hawaye ya ce, "Mutumina, mutane na zagi a bayan ido, kai ka buga naka a masana'anta." Na ce ya rufe mini baki. Ya ce, "Aikin banza ɗin ma, har da ni a ciki ko?"

Kowa ya duƙufa kan allonsa. Ba wanda ya kalle ni, wanda ya fi kallon ciwo. Na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi. Ɗan hakin da ka raina. Ban ƙarasa karin maganar ba, na tuna inda take ƙarewa.

Laraba, 5 ga Maris

Ya kira ni bayan azahar. Ya rufe ƙofa da kansa, ya juyo mini da allo.

"Karanta mini, Injiniya."

Na karanta.

"Da ƙarfi. Na tsufa."

Na sake.

Ya ce sunan Goben ya gane shi, har matarsa ta yi dariya. Maƙaryacin fa? Na ga ai wanda ya jiƙe ba ya tsoron ruwa, na ce sau biyu ka ce in tafi ka fasa, Oga. Ya ce, "Sau uku. Ka manta na shekararka ta farko, da ka zo ofis da sabon akwati." Wallahi na manta. Shi bai manta ba.

Ya ce, "Abin da ka rubuta a kwamfutarka tsakaninka da Ubangijinka ne. Wannan a kayan mutane ka rubuta." Ba ihu. Da ya yi ihu da na samu abin riƙewa.

Hukunci: in gyara na tara, in yanke adireshi, in bi ɗakunan nan goma sha huɗu da ƙafata in sauya kanel ɗin, don Madam ta ce yaranta ba za su yi zagaye na biyu a kan shirmena ba. Takardar gargaɗi. Hutu kuma ya koma kwana goma.

Na ce wata guda ka ce. Ya ce, "To ƙara a foldar."

Na fito ina jin ɗaci har a haƙora. Ya samu abin da yake nema, ni na miƙa masa wuƙar da marikinta. Ban kira Yaya ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Yanke adireshin layi shida ne. Ban kai ga shanye shayina ba na gama. Layi shida.

Ɗakuna uku yau. Bayan kasuwar kifi, lungu mai ruwan ƙanƙara da jini yana bin kwata, kuliyoyi sun ƙoshi har ba sa gudu. An ba ni rigar sanyi ta aro mai warin hammatar wani bawan Allah. Na'urar tana can sama bayan fanka, sai da tsani. Yatsuna suka ƙage, kebul ya faɗi cikin kwandon kawunan kifi, na sa hannu na lalubo.

Wani mai sauke kaya ya riƙe mini tsani. Ya ce, "Kai ne mai Ogan?" Har nan labarin ya iso. Ya ce in na gama in ba shi aron na'urar, shi ma yana da nasa Ogan.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya wa Yaya kwana goma ne. Ta ce me ya faru da watan? Na ce aiki. Ta ce, "Kai dai bakinka, tun kana yaro." Ban ba ta labarin foldar ba fa. Ta dai san kayanta.

Laraba, 12 ga Maris

Saura biyu. Takalmina ya mutu, ko na wanke warin na nan.

A ɗaki na goma sha biyu Madam Sanyi ta zo da kanta, 'yar gajeruwa cikin babbar riga, tana riƙe da kofi. Ta tsaya tana kallona a kan tsani. Na ce Madam, da kin yanke hoton. Ta ce, "Na ce maka sunayenku akwai tsawo, ka ce fasaha ce." Haka aka yi. Ta ce tun da aka sa gyaran ba wadda ta suma, har ta sa an tokare ƙofa da gangan. Sai ta miƙo mini kofin ta ce in riƙe, ba don sha ba, don yatsu.

Na so in ji haushinta. Na nema ban samu wurin kamawa ba.

Na tura wa Maigadi zubi na uku. Ban gaya masa abin da takalman suka jawo ba.

Juma'a, 14 ga Maris

An gama goma sha huɗu.

Dogo ya ja ni bakin matakala. Wai sakatariya ta gaya masa ranar da hoton ya fito Darakta cewa ya yi a sallame ni kafin a tashi. Oga ya shiga ya daɗe. Abin da ta jiyo ta ƙofa: "In kun kore shi ku nemo wanda zai gyara na tara." Da kuma, "Ubansa ba shi da lafiya, kwana goman nan ba zan taɓa su ba." Darakta so ya yi a soke hutun duka.

Na ce wa Dogo ai don aikinsa ya yi, ba wanda ya san kan facin sai ni. Dogo ya ce, "To. Rabin farko ke nan. Rabi na biyun fa?" Na ce ya je ya wanke kofunansa.

Sau uku dai ya fasa. Wannan ba ta goge waccan ba. Na rubuta don kar in manta, tunda ashe ina mantuwa.

Litinin, 17 ga Maris

Maigadi ya amsa. Bai karɓi sunaye na biyu ba, ya ce nauyinsu ya fi amfaninsu a wurin yawancin mutane, mu riƙe abinmu a gida in muna so. Ya ɗauki ƙaramin ɓangaren da na sa a ƙarshe kamar gyaran miya: in ka ba manhaja sunan da ke da takwara, ta ƙi ɗana tarko, ta ce maka su nawa ne, ka faɗi na wane fayil kake nufi. Da akwai wannan tun farko da Dogo bai yi gadin kango ba. A ƙasa ya rubuta, "Wannan ya yi." Daga bakinsa wannan kirari ne.

Na rubuta masa amsa, na fara da gaisuwa, na goge, na mayar. Na tura haka.

Oga ya sa hannu a takardar hutuna da safe ban ko tuna masa ba. Ya ce in gaida Baba. Na ce zai ji. Na tsaya a ƙofa kamar akwai saura, shi ma ya ɗago yana jira, sai wayarsa ta yi ƙara, Allah ya taimake mu mu duka.

Jirgi jibi. Yaya ta ce jiya ya gane fuskar autarta da ta hau cinyarsa, amma sai da ta matso sosai.

Abin da na tsira da shi: aikina, da takardar gargaɗi a kansa. Layi sittin cikin ɗari bakwai. Kwana goma cikin talatin, biyu na hanya ne. Takwas a gaban Baba.